Kana bin dubu 135, lauya na neman dubu 300: Lissafin da ke sa matasa cewa "na bar su da Allah"

A bayan kwalin ganyen shayi aka yi lissafin. Muna zaune a teburin mai shayinmu da ke gefen Sabon Titi a Mandawari, bayan sallar isha'i, sai ƙanin wani abokina ya ari biro ya duƙufa. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, a kan albashin naira dubu 45. Wata uku a jere ba a biya su ba, kullum maganar ɗaya ce: kasuwa ba ta tafiya, a ƙara haƙuri. Ranar da shi da abokan aikinsa shida suka yi ta maza suka shiga ofishin manaja tambaya, washegari maigadi ya tare su a bakin get ya ce an ce kada su shiga. Ba takardar sallama, ba ko sisi.

Ya rubuta 135. A ƙarƙashinta ya rubuta 300. Ta farkon ita ce dubban da yake bin kamfanin. Ta biyun ita ce abin da wani lauya ya yanka masa da yammacin ranar idan yana so a shigar masa da ƙara, ban da kuɗin mai da zai riƙa bayarwa duk ranar da aka zauna a kotu.

Ya turo mini kwalin ya ce, "Yaya, duba nan. Ko na ci shari'ar nan, ai ni aka ci."

Kun dai san majalisa, nan take kowa ya zama lauya. Wani ya ce a kai su Hisba. Wani ya ce a yi bidiyo a watsa a TikTok, kafin asuba manajan zai kira da kansa. Wani ya ce yana da ɗan'uwa ɗan sanda. Mai shayi, wanda ya girme mu duka, ya faɗi abin da aka saba faɗa: ka bar su da Allah, ka nemi wani aikin.

Ban ga laifin mai shayi ba, amma tun daren nan maganar take yi mini yawo a ka. Mukan ɗauka haƙuri ne ke sa matashi ya juya ya bar guminsa a hannun wani. Sau da yawa ba haƙuri ba ne, lissafi ne. Kuma mai kamfani ya fi ka iya wannan lissafin. Ya san muddin abin da ya riƙe maka bai kai kuɗin lauya ba, to ya ci bulus.

Ƙofa ɗaya tak

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, rigimar aiki ba kowace kotu ake kai ta ba. Tun 1976 aka kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma an daɗe ana jayayya a kan iyakar ƙarfinta, har sai da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na uku, wanda ya fara aiki a 2011. Sashe na 254C ya ce rigimar albashi, da ta kora, da ta fansho, da ta cin zarafi a wurin aiki, da ta yajin aiki, kotun nan ce kaɗai ke da hurumin saurarensu.

Ta wata fuskar ci gaba ne, domin alƙalan can aikinsu ke nan kullum, sun san dabarun masu ɗaukar aiki ciki da bai. Amma a duba ta ɗaya fuskar. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci kusan ko'ina ka juya akwai su, ita kuwa kotun ma'aikata sai ka shigo birni. Mu 'yan Mandawari kuɗin adaidaita ne kawai. Wanda ke Doguwa ko Tudun Wada fa? Zuwa ɗaya ya cinye masa abincin kwanaki, kuma yana iya zuwa a ce an ɗage.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, tun 2019 Kano take da kotun ƙananan basussuka. Fom kake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara ta a kan a gama magana cikin kwana 60. Idan ka ba mutum bashin buhunan shinkafa ya ƙi biya, ga hanya mai sauƙi. Idan kuwa guminka na wata uku ne ya riƙe, kana shiga lauyansa zai miƙe ya nuna sashe na 254C, ya ce ba nan ba ne wurin. Wato ɗan kasuwa an yi masa gajeriyar hanya, lebura sai ya zagaya.

Doka ba ta hana ka tsaya wa kanka a kotun ma'aikata ba. Sai dai ba kamar kotun unguwa ba ce da za ka shiga ka ce "Allah ya gafarta Malam, ga abin da ya faru." Tun ranar shigar da ƙara ake so ka kawo komai a rubuce: bayanin abin da ya faru daki-daki, abin da kake nema, shaidar kowane mai shaida a rubuce da rantsuwa, da kwafin duk takardun da za ka dogara da su. Duka da Turanci, Turancin ma na kotu. Ga shi a ɗaya gefen kamfani ya turo wanda sana'arsa ke nan.

Lauyan ma ba mugu ba ne

Bayan kwana biyu na kai shi wurin wani matashin lauya ɗan unguwarmu, wanda muka yi Islamiyya tare. Da niyyar faɗa na je, don a zatona waccan dubu 300 zalunci ce. Barista ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in zauna.

Ya lissafa mini aikin. Sai ya zauna da mutum awanni ya tatso labarin, ya rubuta takardu, ya buga, ya yi kwafi-kwafi, ya biya kuɗin shigarwa da na rantsuwa, a sallami wanda zai kai wa kamfani sammaci. Sannan a fara jeka-ka-dawo. Lauyan kamfani zai nemi lokaci ya kawo amsa, ya zo da ƙorafin hurumi, ya ce shaidarsa ta yi tafiya. Shari'ar da kake ganin ta wata biyu ce sai ta haura shekara, shi kuwa lauyanka duk zaman nan da mai yake zuwa a motarsa, ko a adaidaita in bai kai ga motar ba.

Bayan haka akwai doka a kan farashin kansa. A watan Mayun 2023 aka fitar da sabon tsarin kuɗin aikin lauyoyi, wanda ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sa wa hannu. Tsarin ya yanka mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa. Ya kasa jihohi rukuni uku, Legas da Abuja a sama, Kano a rukunin da ya fi sauƙi. Ya kuma kasa lauyoyin kansu: waɗanda ba su cika shekara goma ba, da waɗanda suka haura, da masu muƙamin SAN. To ko a rukuninmu mai sauƙin, shawara kaɗai a wurin ƙaramin lauya daga dubu 20 take farawa, shari'ar aiki kuwa maganar ɗaruruwan dubbai ake. An yi tsarin ne don lauyoyi su daina karya wa juna farashi. Babu wanda ya yi shi da tunanin mai albashin dubu 45.

Barista ya yi dariya ya ce, "Malam, ni kaina da zan kai ƙarar ofishin da na fara aiki a kan abin da suke biya na, ba zan iya ɗaukar kaina ba."

Akwai wata hanyar da ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda da ita a shari'ar da ba ta laifi ba: lauya ya yi maka aiki ba ka ba shi komai ba, in an ci ya ɗauki kason da kuka yi yarjejeniya a kai. Tana da daɗin ji. Amma ka sa kanka a matsayinsa: kashi nawa na dubu 135 zai biya wahalar shekara guda? Shi ya sa manajan banki da aka kora yake samun lauyan da zai yi masa haka cikin sauƙi, mai ɗinkin buhu kuwa ba ya samu.

Kuma ko ka ci, ba a gama ba. Kuɗin ɗawainiya da kotu kan ce wanda ya faɗi ya biya ba kasafai yake rufe abin da ka kashe ba. Kamfani na iya ɗaukaka ƙara. Yana iya yin kunnen uwar shegu da hukuncin, sai ka sake komawa ka roƙi kotu ta sa banki ya ciro kuɗin daga asusunsa, wanda shi ma wani aikin lauyan ne.

Nawa ake bin, tsakani da Allah?

A nan ne zaman ya canza. Barista ya karɓi kwalin ya ce matsalar ba a 300 ɗin take ba, a 135 take. Yaron bai san abin da yake bi ba.

Ya fara da notis. Dokar Ƙwadago ta 1971, a sashe na 11, ta tsara shi bisa daɗewarka: kwana ɗaya in ba ka wuce wata uku ba, mako ɗaya in ba ka kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda in ka kai shekara biyar. Wanda ya tare ka a get ba notis, sai ya biya kuɗin kwanakin. Kuɗin ba yawa, gaskiya. Kuma shekaru da dama iya nan kotunan Najeriya suke tsayawa: maigida na iya korarka da dalili ko ba dalili, in ya saɓa ƙa'ida ya biya kuɗin notis, shi ke nan. Wa zai ɗauki lauya a kan albashin mako biyu? Amma tun bayan gyaran 2011 kotun ma'aikata ta fara duba yadda ake yi a sauran duniya, tana tambayar dalilin kora. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu ga wata ma'aikaciya a shari'arta da kamfanin Sahara Energy. Ba kowa zai samu haka ba, amma ƙofar da take a rufe da an buɗe ta.

Sai ya tambaye shi: ku nawa ne a kamfanin? Ya ce sun fi sittin. Barista ya ajiye biro. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70. Mu duka mun ɗauka maganar ma'aikatan gwamnati ce, musamman da muka ji gwamnatin Kano ta sanar da dubu 71 ga nata. Ba haka ba ne. Dokar ta hau kan kamfanoni masu zaman kansu ma, sai dai ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan awanni, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi. Kamfanin da ke da mutum sittin a kan albashin wata ba ya cikin waɗanda aka cire.

Wata goma yaron ya yi a wurin bayan dokar ta fito. Dubu 25 sau goma, dubu 250. A haɗa da 135, an tashi dubu 385, ba a ma sa kuɗin notis ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Biyar daga cikin su bakwai ɗin kamfani ne ya ɗauke su kai tsaye, lissafinsu kusan ɗaya. Idan suka haɗu a ƙara guda, maganar ta doshi naira miliyan biyu, kuɗin lauya kuma a raba shi biyar. Kwalin bai canza ba, amma yanzu babbar lambar ce a sama.

Sauran biyun fa? Ta hannun ejan aka ɗauke su. Sunansu ba ya cikin takardar kamfani ko ɗaya. Kamfani ya ce su tambayi ejan, ejan ya ce kamfani bai biya shi ba. Duk wanda ya taɓa neman aiki a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya san wannan tsari, kuma ya san ba don sauƙin ma'aikaci aka ƙirƙiro shi ba.

Wayarka ta fi ka riƙe magana

Tambayar da ta biyo baya ita ce wadda take kashe yawancin irin wannan ƙara tun kafin a fara: ina shaidar cewa ka taɓa aiki a wurin?

Mu a nan da baki ake ɗaukar aiki. Kawu ya yi magana da Alhaji, Alhaji ya ce ka zo ranar Litinin. In ka tambayi takarda ma sai a ga kamar ka raina mutane. Alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa maigida ya ba ka bayani a rubuce kafin ka wuce wata uku: wane aiki, nawa ne albashi, yaushe ake biya, awa nawa, hutu nawa, notis nawa. In bai bayar ba shi ne ya saɓa, ba kai ba, kuma yarjejeniyar baki ma doka ta san da ita. Sai dai tabbatar da ita ne aiki, kuma duk abin da ya ƙara wa lauya aiki ya ƙara maka kuɗi.

Abin da ya ceci yaron nan wayarsa ce. Yana da katin shaidar aiki. Yana da alat na wata-wata da sunan kamfanin a jiki, ya je banki aka buga masa takardar shige-da-ficen asusunsa. Sannan akwai gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata, inda manajan da hannunsa ya rubuta cewa a yi haƙuri, albashin watanni ukun zai shigo. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta in an cika sharuɗɗanta. Allah ya taimake shi ya ɗauki hoton saƙonnin tun kafin a fitar da shi daga gurup ɗin.

Don haka ko yau lafiya lau kake zaune da ogan naka, ka ajiye. Alat, hoton rajistar da kake sa hannu, saƙon da aka ce ka zo aiki ranar Lahadi. Ka tura su wani wurin da ba wayar kaɗai ba, kun san yadda waya take a garin nan. In a hannu ake biyan ka, ka riƙa rubuta rana da adadi. In ana yankar maka albashi da sunan ka fasa kaya, ka sani doka ba ta bar maigida ya yanka yadda ya ga dama ba, kuma jimillar abin da za a cire a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Ƙofofin da ba a biya

Kafin kotu akwai wuraren da sisinka ba zai yi ciwon kai ba, sai kuɗin mota. Na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke nan Kano. Jami'in ƙwadago zai karɓi ƙorafinka ya gayyaci ɓangaren biyu. Ba alƙali ba ne, ba zai ƙwato maka da ƙarfi ba. Amma kamfanin da ya san akwai abubuwan da ba ya so a leƙa, takardar gayyata daga can tana sa shi ya nutsu.

Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1975. Ba ma'aikatun gwamnati kaɗai take bincika ba, har kamfanoni masu rajista, sai dai ana so ka kai kuka cikin wata goma sha biyu. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda dokarta ta 2011 ta ce an yi ta ne don wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Shari'o'in waɗanda ke tsare a gidan yari sun yi musu yawa, amma neman diyyar rauni a wurin aiki yana cikin abin da dokar ta ambata ƙarara. Mata na da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Maganar rauni tana da nata tsarin daban. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa maigida ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don ranar da inji zai cinye wa wani yatsa. Ana so ka sanar da maigida cikin kwana 14, a nemi diyya cikin shekara guda. Yatsu nawa aka rufe maganarsu da dubu ashirin da "Allah ya kiyaye gaba"?

A tuna abin da ya faru a watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa, bayan sun yi kusan wata uku ba a bar su sun fita ba. Ba lauya suka ɗauka ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam a waya.

Sai dai kar in yi muku daɗin baki, waɗannan ƙofofi ba kowa suke ɗauka ba. Ina da 'yar'uwa da ta koyar a wata makarantar kuɗi a cikin gari a kan dubu 25. Malaman ba su kai 25 ba, don haka dokar dubu 70 ba ta san da ita ba. Watan hutu ba a biya. Da ta bar aikin tana bin wata biyu, dubu 50. Mai makarantar aminin mahaifinta ne, sahu ɗaya suke sallah. Da na ce mata ta kai ƙorafi, kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa. A cikin ganuwa wani lokacin ba lauya ne mai tsada ba, kunya ce.

Kafin ka danna "post"

Shawarwarin majalisa guda biyu suna buƙatar kashedi. Ta ɗan sanda ba ta da tushe: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya. Abin da ya fi faruwa ma shi ne akasin haka. Kana matsawa a kan albashi, sai a tuna cewa wasu kaya sun ɓata a sito lokacin da kake bakin aiki. Ana shafa maka kashin kaji, kai da kake neman lauyan karɓar kuɗi ka koma neman lauyan beli.

Ta TikTok da Facebook kuwa, ba zan ce ba ta aiki ba, mun sha ganin ta yi. Amma takobi ce mai kaifi biyu. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Kano, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. "Ina bin su albashin wata uku, ga shaida" magana ce da za ka iya karewa. "Ɓarayi ne, azzalumai, kayansu ma jabu ne" wata maganar ce daban, kuma ita lauyansu yake jira.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan lissafin kwali ba a Kano aka fara shi ba. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta sa kuɗin shigar da ƙara a kotunan ma'aikata, har zuwa fam 1,200. Ƙararraki suka ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ba don iyayen gida sun shiryu ba, mutane ne suka duba aljihu suka haƙura. Ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta kai gwamnati ƙara, a watan Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta soke kuɗin, ta ce ya toshe wa mutane hanyar samun adalci, aka mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu.

Afirka ta Kudu kuwa tana da hukumar sulhu da ake kira CCMA. Wanda aka kora zai cike fom cikin kwana 30, kyauta. A zaman farko na sulhu ba a barin lauya ya tsaya wa kowa, kai da maigidanka ne a gaban mai sulhu. Kuɗinsa ba zai saya masa baki ba.

A ganina irin wannan muke buƙata, ko aƙalla a buɗe wa kotun ma'aikata wani sashe na ƙananan kuɗaɗe: fom da Hausa, ba lauya, a gama cikin wata biyu. Kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015, amma sai ka riga ka shigo da ƙararka ake tura ka can, wato ka riga ka biya kuɗin da kake gudu. In 'yan majalisarmu na neman ƙudurin da zai taɓa matasa kai tsaye, ga shi nan, ya fi rabon baro da buta.

Yadda ta kaya

Su biyar ɗin suka haɗa dubu bakwai-bakwai, Barista ya rubuta wa kamfanin wasiƙa. Shafi ɗaya da rabi ce. Ta faɗi abin da kowa ke bi, ta ambaci dokar dubu 70, ta ba da kwana goma sha huɗu. Suka kai kwafinta ofishin ƙwadago tare da ƙorafinsu.

Kamfanin da ya hana su wuce get sai ga shi ya turo akanta da lauya. Tayin da suka kawo shi ne za a biya albashin wata ukun, kashi biyu, da sharaɗin kowa ya sa hannu cewa ba ya bin komai bayan wannan. Barista ya fassara musu takardar layi-layi, ya gaya musu abin da za su bari, ya ce zaɓi nasu ne.

Huɗu suka sa hannu, har da ƙanin abokina. Na yi masa faɗa a kan dubu 250 da ya bari. Ya bari na gama, ya ce, "Yaya, maganin Hajiya na wannan watan ne, ba na baɗi ba." Ban sake cewa komai ba. Yanzu adaidaita yake ja, ta wani ce, yana kai balas kullum.

Na biyar ɗin ya ƙi. Wansa yana da shago a Kantin Kwari, yana da inda zai ci abinci kafin shari'a ta ƙare. Barista ya yarda ya yi masa a kan kaso, shi ya biya kuɗin takardu. An shigar da ƙara, an zauna sau biyu, duka biyun lauyan kamfani ya nemi ƙarin lokaci.

Su biyun nan na hannun ejan har yau ba su ga ko sisi ba. Ɗaya ya tafi Abuja aikin gini. Ɗayan na gan shi makon jiya da sassafe a bakin titi yana jiran motar Sharaɗa. Kamfanin dai ya koma, ta hannun wani ejan ɗin.